Kafin a Sayi Wayar Araha, a Tambayi Abin da Ba a Rubuta a Kwali Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani ciniki da kusan kowane mai karatu ya taɓa yi ko yake shirin yi, wato sayen babbar waya mai sauƙin kuɗi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan tambayar da 'yan'uwa da abokan aiki suke yi mini, inda mutum zai turo hoton kwalin waya ko na tallarta ya ce, "Wannan tana da kyau kuwa?" Ni ba injiniya ba ne, ban kuma taɓa sayar da waya ba. Ɗan abin da na sani da aljihuna na koye shi, bayan na sayi wayar araha har sau uku, biyu suka ba ni kunya, ta ukun kuma ta fitar da ni kunya. Amsar da nake ba masu tambaya ba ta cika yi musu daɗi ba, domin nakan ce hoton da suka turo bai isa a yanke hukunci da shi ba. Lambobin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali an zaɓe su ne don su sayar da wayar, abubuwan da za su nuna ko za ta kai shekara uku tana aiki kuwa yawanci ba a rubuta su ko kaɗan, sai mai saye ya bi sawunsu da kansa.

Bari in fara da wadda ta fi ba ni darasi. A kwalinta an rubuta RAM gigabait 8, kyamara uku a baya, babbar cikinsu mai megafiksel 50, da batir mai 5000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), kuma a makon farko babu abin da zan iya kushe mata. Wajen wata na takwas sai ta fara nauyi. Kira zai shigo, wayar tana ta ƙara a hannuna amma allon baƙi ƙirin, ina danna maɓallin gefe ina shafa gilashi, kafin alamar amsawa ta bayyana mai kiran ya gaji ya katse. In na ga abin da nake so in ɗauka hoto na taɓa kyamara, sai in tsaya ina kallon allo na daƙiƙa biyar ko shida, abin kuma ya wuce. Da allonta ya fashe na kai ta wurin mai gyara, ya ɗaga murfin baya ina tsaye a kansa, ya sa bakin sukudireba ya nuna mini zobban nan uku da nake alfahari da su. Ɗaya ce kyamara ta gaske, ta biyu wata 'yar mitsitsiya ce da ba ta kai ƙwayar ido ba, zobe na uku kuwa baƙar roba ce kawai aka manna wa gilashi, babu komai a bayanta. Ranar ce na daina ƙirga idanun waya.

Maganar RAM ita ce ta fi ruɗa mutane a yanzu, don haka zan ɗan tsaya a kanta. RAM tamkar tabarmar da ake baza aiki a kai ne, rumbun ajiya kuma tamkar ɗakin da ake jibge kaya. Duk manhajar da mutum ya buɗe a kan tabarmar nan take zama, idan ta cika kuwa sai wayar ta tattara wata manhaja ta rufe domin sabuwa ta sami wuri. Wannan shi ya sa mai ƙaramin RAM yake fita daga manhajar banki don ya kwafo lambar da aka turo masa ta saƙo, ya dawo ya tarar komai ya koma farko. Dabarar da kamfanoni da dama suka shigo da ita a 'yan shekarun nan ita ce su rubuta 8 da babban baƙi, a ƙasa kuma da ɗan ƙaramin rubutu a ga 4+4. Ma'anar haka ita ce RAM na gaskiya gigabait 4 ne, sauran 4 ɗin kuwa aro aka yi daga rumbun ajiya, wanda saurinsa bai kama ƙafar na RAM ba. Wanda tabarmarsa ta cika, ya koma yana kai kaya ɗaki yana ɗaukowa, ba za a ce tabarmarsa ta ƙara faɗi ba. Wayar da na ba da labarinta irin wannan ce, ban kuwa gane ba sai bayan ciniki ya faɗa. A ganina duk wanda zai riƙa amfani da WhatsApp da Facebook da manhajar banki a kullum, kada ya yarda da abin da ya gaza gigabait 4 na gaskiya, in da hali ma ya nemi 6. Mai gigabait 2 ko 3 yawanci tana zuwa ne da Android Go, wani sassauƙan nau'in Android da Google ya fito da shi a 2017 domin wayoyi masu ƙaramin ƙarfi. Ba aibu ba ne waya ta zo da shi, hasali ma ya fi mata alheri a kan a ɗora mata cikakken Android da ba za ta iya ɗauka ba, amma ya kamata mai saye ya san abin da ya saya. Shi kansa Google daga Android 13 Go ya mayar da gigabait 2 mafi ƙarancin abin da zai amince da shi, wanda hakan ke nuna yadda manhajoji suke ƙara nauyi kowace shekara alhali wayar da ke hannun mutum ba ta ƙara ƙarfi.

Rumbun ajiya kuma tambaya biyu gare shi, amma ɗaya kaɗai ake yi. Kowa yana tambayar girmansa, 64 ne ko 128, kuma daidai ne a tambaya, tunda Android da manhajojin da suka zo da wayar sun riga sun cinye kaso mai tsoka tun kafin mai ita ya ɗauki hoto ko ɗaya, saƙonnin murya da bidiyon da ake turowa a zaurukan WhatsApp kuma ba sa barin ragowar ta daɗe. Tambayar da ba a yi ita ce wane iri ne. Akwai tsohon nau'i mai suna eMMC, akwai kuma UFS. Na farkon ba ya iya karatu da rubutu a lokaci guda, dole ɗaya ya jira ɗaya, kamar siririyar gada da mota ɗaya kaɗai ke bi. Na biyun yana yin duka biyun tare, kuma ko matsakaicinsa, wato UFS 2.2, ya ninka eMMC 5.1 sauri wajen karanta bayanai. A nan ne wani kaso na nauyin da wayar araha ke yi bayan wasu watanni yake samo asali, musamman idan rumbun ya kusa cika. Ban taɓa ganin kwalin da ya rubuta eMMC da babban baƙi ba, amma kamfanin da ya sa UFS a wayarsa yakan faɗa a shafinsa na intanet, saboda abin tinƙaho ne. Idan aka bincika ko'ina aka ga an yi shiru a kan wannan batu, to shirun ma amsa ce.

Haka abin yake ga ƙwaƙwalwar wayar, wadda masana ke kira furosesa. Kusan kowace talla za ta ce wayar tana da ƙananan injuna takwas a ƙwaƙwalwarta, mai ji kuma ya ɗauka takwas ɗin nan duk ɗaya ne a kowace waya. Ba haka ba ne. Helio G36 na kamfanin MediaTek injuna takwas gare shi, amma dukansu samfurin Cortex-A53 ne, ƙirar da kamfanin ARM ya gabatar tun 2012. Helio G85 da Unisoc T606 su ma takwas-takwas ne, sai dai biyu daga ciki manya ne samfurin A75, waɗanda ke ɗaukar aiki mai nauyi, sauran shida kuma su riƙe ƙananan ayyuka. Helio G99 da ya fito a 2022 ya ɗara su duka, domin manyan injunansa biyu A76 ne, an kuma ƙera shi da fasahar nanomita 6 maimakon 12, wato sassan cikinsa sun fi ƙanƙanta, abin da ke sa ya rage cin batir da ɗaukar zafi. Ba na cewa sai kowa ya haddace waɗannan sunaye. Abin da nake cewa shi ne mai saye ya nemi cikakken sunan furosesar, ya rubuta shi a intanet, ya duba shekarar da ta fito da kuma ko tana da manyan injuna ko da biyu ne. Aikin minti biyar ne, kuma yana iya raba mutum da takaicin shekara biyu. Na lura akwai wayoyin da ake sake wa suna da launi duk shekara, alhali ƙwaƙwalwar cikinsu ita ce dai ta shekarun baya.

Game da kyamara ba sai na ja zance ba. Yawan megafiksel ba shi ne kyan hoto ba. Wayoyin da Apple ya fitar daga iPhone 6s a 2015 har zuwa iPhone 13 a 2021 duk babbar kyamararsu megafiksel 12 ce, ba kuma wanda ya ce hotonsu bai fita. Ita ma wayar araha mai megafiksel 50, a aikinta na yau da kullum haɗa ɗigo huɗu take yi su zama ɗaya, hoton da take ajiyewa ya tashi a megafiksel 12 da rabi. Da rana tsaka kowace waya gwana ce. Wanda yake so ya san gaskiyar kyamara ya gwada ta a cikin ɗaki da fitila ɗaya, ya ɗauki mutum yana motsi, sa'an nan ya ɗauki takarda mai ƙananan rubutu ya buɗa hoton ya ga ko yana karantuwa, domin da yawanmu hoton takardu muke ɗauka fiye da na fuska.

Allo shi ne abin da ido zai zauna a kansa sa'o'i da yawa kullum, amma shi ake yi wa kallo ɗaya a wuce. Yawancin wayoyin araha allonsu yana da ɗigo 720 a faɗi da 1600 a tsaye, na sama da su kuma 1080 da 2400, wanda ya ninka na farko fiye da sau biyu a yawan ɗigo. Bambancin yana fitowa a ƙananan rubutu, kuma mai yawan karatu a waya zai ji shi a idonsa. Duk da haka ni abin da ya fi damuna shi ne haske. A cikin inuwa kowane allo yana sheƙi, amma na sha tsayawa a rana ina kare allo da tafin hannu, na ƙure hasken har ƙarshe, ina ƙoƙarin gane wanda yake kirana. Shawarata ita ce a nemi izini a fita da wayar gwaji inda rana take, a buɗe saƙo a karanta. Ana kuma tallata wasu da cewa allonsu yana sabunta hoto sau 90 ko 120 a daƙiƙa, wanda abu ne mai daɗi idan furosesar za ta iya bi, in kuwa ba za ta iya ba, lambar ado ce kawai.

A wajen batir kuwa dole in yi wa wayar araha adalci, domin nan ne take cin gasar. Batir mai 5000 mAh ya zama ruwan dare, kuma da yake allonta da furosesarta ba su da cin wuta sosai, sau da yawa takan fi mai tsada daɗewa da caji. Abin dubawa shi ne ƙarfin cajin. Mai wat 10 takan ɗauki wajen sa'a uku kafin ta cika, mai wat 18 ko 33 kuwa ba ta kai haka ba, sannan a tabbatar ko cajar da ta dace tana cikin kwali, tunda wasu sun daina sakawa. A duba bakin cajin ma. Tarayyar Turai ta wajabta bakin USB-C ga duk wayar da za a sayar a ƙasashenta tun daga ƙarshen Disamba 2024, duniya kuma can ta nufa, saboda haka sabuwar wayar da har yanzu take zuwa da tsohon siririn baki alama ce ta tsohuwar ƙira da aka yi wa sabon kwali.

Yanzu na zo ga batun da a ganina ya fi duk waɗanda suka gabata muhimmanci, shi ne kuma wanda ban taɓa jin mai saye ya tambaya ba: shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin zai ci gaba da turo wa wayar sabuntawar manhajarta? Wayar zamani ba rediyo ba ce da za a saya a ajiye tana aiki yadda take har ta tsufa. Kullum ana gano sababbin ɓaraka a cikin Android, waɗanda ɓarayin intanet ke iya bi su shiga. A 2015 an bankaɗo wata babbar ɓaraka da aka yi wa laƙabi da Stagefright, wadda ta hanyarta ake iya kutsawa cikin waya da saƙon bidiyo kawai, kuma ta shafi ɗaruruwan miliyoyin wayoyi. Tun daga wannan shekarar Google yake fitar da facin tsaro kowane wata. Sai dai facin ba ya isa wayar mutum kai tsaye daga Google, dole sai kamfanin da ya ƙera wayar ya karɓa ya daidaita shi da samfurinsa ya turo, wannan aiki kuwa kuɗi yake ci, shi ya sa shi ne abu na farko da ake yankewa idan ana so a karya farashi. Wayar da aka daina yi wa faci tana nan tana kira tana karɓar saƙo, mai ita bai ga wani canji ba, amma a cikinta ne yake buɗe asusun bankinsa, a cikinta hotunan iyalinsa da takardunsa suke. Daga baya kuma manhajojin da kansu sukan juya mata baya. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a duk wayar da Android ɗinta bai kai na 5.0 ba, manhajojin banki kuwa sukan riga shi yanke irin wannan hukunci, saboda su amanar kuɗi ce a wuyansu.

Abin farin ciki shi ne wannan fage ya fara canzawa. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a farkon 2024, waɗannan dai masu tsada ne, amma a ƙarshen shekarar Samsung ɗin ya yi wa Galaxy A16, wadda take cikin masu sauƙin kuɗi, alkawarin shekara 6. Tarayyar Turai kuma, daga 20 ga Yunin 2025, ta shar'anta cewa duk wayar da za ta shiga kasuwarta sai an ci gaba da sabunta ta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, a samar da kayan gyaranta na shekara 7, batirinta kuma ya jure caji sau 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Ban kawo waɗannan sunaye don in yi wa wani talla ba. Na kawo su ne don mai karatu ya ga cewa araha ba ta hana alkawari, kuma yana da haƙƙin ya nemi a faɗa masa adadin shekaru a rubuce. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da za a yi nan take: a shiga saitin wayar, wajen bayanin waya, a duba kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. Idan sabuwa ce fil daga kwali amma facinta ya haura shekara, aka haɗa ta da intanet kuma ba ta samo sabo ba, to an yaye ta tun kafin a sayar da ita.

Wani abin da ke tafiya tare da wannan shi ne tambayar inda kamfani yake mayar da ribarsa idan ya sayar da waya a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai. Wasu suna cike giɓin ne da talla. Waya ta biyu da na saya, duk sanda na buɗe makullin allo sai talla ta tare ni, manhajoji fiye da goma da ban nema ba suna zaune daram, wasu ba sa ma goguwa, suna shan data suna cin batir ina barci. Wannan takura ce kawai, amma akwai abin da ya fi ta muni. A 2019 Google ya bayyana da kansa cewa an sami wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wasu wayoyin Android tun daga masana'anta, wadda wani ɗan kwangila da aka ba aikin haɗa manhajar wayoyin ya cusa. Irin wannan ko an goge komai an mayar da waya sabuwa ba ta fita. Saboda haka sunan da ba a san shi ba, wanda ba shi da shafin intanet na kirki balle ofishin karɓar koke, ni ba na kusantarsa komai arahar kayansa. Mai saye zai iya buɗe Play Store ya shiga saitinsa, can ƙasa zai ga inda aka rubuta ko Play Protect, wato tsarin tsaro na Google, ya tantance wayar ko bai tantance ba. Ya kuma danna *#06# ya ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lambobi 15, ya gwada ta da wadda ke jikin kwali da ta rasit. In suka saɓa, ya mayar da kuɗinsa aljihu.

Sai batun gyara, wanda ba a tuna shi sai ranar da waya ta suɓuce ta faɗi rub da ciki. Allo da batir da bakin caji su ne suka fi lalacewa a kowace waya, mai tsada da mai araha. Bambancin shi ne ko za a sami na canji, da kuma nawa ne kuɗinsa idan aka kwatanta da kuɗin wayar. Kafin in sayi wayata ta uku, wadda har yau take hannuna, mai gyara na fara tambaya kafin mai sayarwa, domin shi ne yake ganin wayoyi a ranar baƙin cikinsu. Na ambata masa samfura uku, ya ce ɗaya kayanta ko'ina akwai, ɗaya sai an yi oda an jira, ta ukun kuma in allonta ya fashe gara a sayi wata. Wannan hira ta minti goma ta fi mini amfani a kan duk tallace-tallacen da na kalla. Garanti ma a tambayi tsawonsa da inda ake kai waya idan ta sami matsala, a kuma ajiye rasit, don garantin da babu wurin kai kuka takarda ce kawai.

Idan aka haɗa waɗannan, lissafin da ya kamata a yi ba na ranar saye ba ne, na tsawon zama ne. A ƙaddara waya biyu, ɗaya kuɗinta 60, ɗaya 100, a kowane irin kuɗi mutum yake so ya auna. Ta farko ta yi wata 15 ta zama abin takaici har aka canza ta, wato kowane wata ta ci 4. Ta biyu ta yi wata 36 lafiya, kowane wata bai kai 3 ba. Wanda ya sayi ta 60 yana ganin ya tsira da 40, alhali a cikin shekara ukun nan sai ya sayi waya fiye da biyu, ban da wahalar kwashe lambobi da hotuna da asarar abin da ya ɓace a hanya. Na san za a ce mini mai ƙaramin ƙarfi ba lissafi ne bai iya ba, kuɗin ne babu a hannu lokaci guda, kuma wannan gaskiya ce da ba zan musa ba. Wanda wayarsa ta mutu yau, sana'arsa kuma a kanta take, ba zai jira wata uku yana tari ba. Abin da zan ce masa shi ne ko a cikin masu farashi ɗaya akwai fifiko, kuma idan dole sai an sadaukar da wani abu, a sadaukar da kyamara da ƙyalƙyalin baya da siririn jiki, a riƙe RAM na gaskiya da rumbu mai sauri da alkawarin sabuntawa.

Ba kuma kowa ne yake buƙatar abin da ya wuce wayar araha ba. Dattijon da abin da yake so shi ne ya kira 'ya'yansa, ya saurari saƙon murya, ya ga hoton jikoki, batir mai daɗewa da lasifika mai ƙara da manyan baƙaƙe sun fi masa komai, kuma wayar araha ta kirki za ta ba shi waɗannan har da ƙari. Haka yaron da za a fara ba waya, wadda ake kyautata zaton za ta sha faɗuwa. Amma ɗalibin da zai riƙa halartar darasi ta bidiyo yana buɗe manyan takardu, ko direban da taswira da manhajar aiki za su kwana su wuni a buɗe a wayarsa cikin zafi, ko mai sana'ar da hoton kayansa shi ne shagonsa, waɗannan in suka sayi ta can ƙasa sun sayi rariya, kada su yi mamaki in ta zubar da ruwa. Wasu kan ce gara tsohuwar waya mai tsada ta hannu a kan sabuwar ta araha. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin allonta da kyamararta da saurinta sukan fi, sai dai batirinta ya riga ya ci rabin rayuwarsa, ƙila kuma kwanakin sabuntawarta sun ƙare ko sun kusa, ga haɗarin a sayi ta sata ko wadda aka kulle da asusun tsohon mai ita. Ni abin da na fi natsuwa da shi shi ne matsakaiciyar wayar bara da farashinta ya sauko saboda ƙanwarta ta fito, matuƙar da sauran shekaru a alkawarinta.

A ƙarshe, Malam Edita, ina da roƙo gare ku. Nakan ga labarin sababbin wayoyi a jaridu da dama, kuma yawanci abin da kamfani ya rubuta a takardar sanarwarsa shi ake juyowa, lambobin kwali ɗin nan dai da na yi magana a kansu. Da za ku ɗora wa wakilinku na shafin kimiyya da fasaha cewa duk wayar da zai ba da labarinta ya faɗi RAM ɗinta na gaskiya ba tare da na aro ba, da nau'in rumbunta, da sunan furosesarta da shekarar da ta fito, da adadin shekarun sabuntawar da aka yi mata alkawari, in kamfani ya ƙi faɗa kuma ya rubuta cewa an tambaya an ƙi faɗa, da masu karatu sun rage cinikin biri a sama. Zai kuma yi kyau a riƙa komawa kan waya bayan ta yi wata shida ko shekara a hannun masu amfani da ita, a ji ta bakinsu da na masu gyara, a buga abin da suka ce a shafin da aka fara buga labarin fitowarta.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum